Rabin Fostar Adela

Litinin, 12 ga Oktoba 1998, ƙarfe huɗu na yamma

Tsonka ta bugo waya. Shekara goma sha huɗu ban ji muryar matar ƙanena ba, amma tana cewa "Yaya Naiden" na gane ta, don ita kaɗai ke kiran sunana kamar mai korar kaza daga lambu. Ta ce an sallamo mijinta Tisho daga asibiti. Na ce to madalla, ya samu sauƙi ke nan. Ta ce, "Sun dai ce mu koma gida."

Na tambaye ta ko suna bukatar wani abu. Ta ce ita ba ta bukatar komai daga wajena, shi ne dai yake da magana ɗaya. Yana so ya ga fuskar Adela.

Bari in rubuta gaskiya, tunda babu mai karanta wannan littafi sai ni. Abin da ya fara zuwa raina ba Tisho ba ne. Fallen ƙasa na fostar Adela, wanda ke wajensa, ne ya faɗo mini, da tunanin hannun da zai ƙare a ciki. Sai da na ajiye wayar kunya ta rufe ni, na zauna a kujerar zaure da rigar sanyina ban cire ba.

Ana ruwa tun asuba. Allurar ma'aunin danshi tana kan saba'in da takwas.

Talata, 13 ga Oktoba, ƙarfe goma na safe

Na sa safar hannu na buɗe durowa ta uku. Adela tana nan yadda na bar ta a watan Yuni, tsakanin farar takarda biyu, ko gezau.

Baba ya yi rayuwarsa yana manna fastocin sinimar bakin kogi, tun fim bai koyi magana ba, tsani a kafaɗa, bokitin kunun fulawa a hannu. Duk wadda ta yi saura sai ya naɗe ya cusa a saman sif. Da ya rasu a 1971, Gwaggo Stoyna ce ta zo rabo, ita kuwa ba ta san akwai abin da ba ya rabuwa ba. Cokula ta raba, kujeru ta raba, har tulun tsamin kabeji sai da ta kwashe rabi. Fastoci sittin da biyu, kowa talatin da ɗaya. Saura ta 'yar fim Adela Korvani, wadda aka buga a 1926 a falle biyu saboda girmanta, sai a bango ake haɗa su. Fim ɗin bai taɓa isowa garin nan ba, shi ya sa ba a manna ta ba. Gwaggo ta duba ta ce, "To ai wannan da rabonta ta zo." Ta karya tsinken ashana ɗaya, ta ɓoye biyu a hannu. Na ja dogon, na samu sama: hula, fuska, kafaɗa. Tisho ya samu hannaye da siket da sunanta a ƙasa.

Bayan shekara ɗaya ya ɗoro talatin da ɗayansa a keke ya kawo mini, ya ce shi makanikin jirgin ruwa ne, ba shi da wurin ajiye matan takarda. Amma ya riƙe fallen ƙasa. Ya kafa shi a bangon kicin, kusa da murhu, inda ake soya kifi. Yau ina da fastoci ɗari huɗu da 'yan kai, mutane na zuwa daga Sofiya su gani, amma wadda ta fi kowacce ba ta da hannu.

Takarda mai shekara saba'in ba ta fita waje idan danshi ya wuce sittin. Ba ni na ƙirƙiro dokar ba. Tana sha, ta kumbura, ta yi wa kanta tudu da kwari, ba ta kuma komawa daidai. Da zarar an samu rana biyu a jere zan kai ta.

Alhamis, 15 ga Oktoba, da azahar

Danshi tamanin. Kogi ya yi launin toka, ba a hango ƙetare.

Lahadi, 18 ga Oktoba, ƙarfe biyu na rana

Na je gidan kofi inda mu masu tara fastoci muke haɗuwa duk Lahadi. Mu huɗu muka rage, kuma biyu ba sa jin magana sai an yi ihu. Dokta Pantev, tsohon likitan haƙori, shi ne ya fi kowa sanin takarda bayan ni, ko da yake shi cewa yake ni ne bayansa. Na ba shi labari.

Ya ce, "A wannan ruwan? Naiden, ka haukace? Ko jarida ba na fitarwa a irin wannan yanayi."

Na ce ai na faɗa musu sai an samu rana.

"Ka yi daidai. Sati ɗaya ne, ko biyu." Ya juya cokali a kofi, ya matso kusa da kunnena. "Amma ka ji, in abin ya faru, ka yi wa matar magana da wuri. Na san mata. Kafin ka ce me, ta kunna murhu da shi."

Na tashi na bar masa kofina ko kurɓa ban yi ba. Ya biyo ni har ƙofa yana cewa, "Me na ce? Ba abin da ke ranka na faɗa ba?"

Shi ya sa na ji haushi. Abin da ke raina ya faɗa.

Talata, 20 ga Oktoba, ƙarfe sha ɗaya na safe

Dabara ta zo mini. Na ɗauke ta hoto a kan tebur, ba tare da walƙiya ba, na kai aka wanke, na sa a ambulan na jefa a gidan waya. Hoton ya fito da kyau. Na rubuta a bayansa: "Kafin a samu rana." Na so in ƙara wani abu, ban san me ba, sai na sa harafin sunana kawai.

Saba'in da tara.

Juma'a, 23 ga Oktoba, ƙarfe biyar na yamma

Tsonka ta sake bugowa.

"Yaya, saƙonka ya iso. Ya ce a faɗa maka shi ba fasfo ya ce za a yi mata ba."

Na fara yi mata bayanin danshi. Ta bar ni na kai har kan kumburin takarda, sannan ta ce, "Ni kullum a cikin ruwan nan nake zuwa kantin magani, ban narke ba. Tashar mota bakwai ce tsakaninmu, Yaya. Ruwa ne ya hana ka, ko kuwa?"

Na ce ruwa ne.

Ta ce, "To. In ba za ta fito ba, kai ba ka da ƙafa?"

Na ce zan ga yadda za a yi. Ta ajiye wayar ba sallama. Na jiyo muryarsa daga nesa kafin ta ajiye, yana tambayarta wani abu. Muryar ta yi siriri, sai ka ce ta Baba a shekararsa ta ƙarshe.

Asabar, 24 ga Oktoba, da hantsi

Ba ruwa ba ne kaɗai. Ko kuwa in ce ruwan gaskiya ne, amma na ji daɗin samunsa.

A bikin Radka, 'yar Tisho, ne, 1984. An ci an sha, ana kiɗa, ni kuma na zaɓi wannan lokaci in sake tayar da maganar fallen ƙasa, karo na ɗari. Na ce hayaƙi na cinye shi, ƙudaje sun mayar da shi masai. Ya yi dariya ya ce, "Yaya, ci naman nan ka ƙyale Adela ta huta." Dariyar ce ta tunzura ni. Na ce masa, a gaban surukansa, ba komai, zan jira, takarda ta fi mutum daɗewa.

Ya cika mini kofi, ya tashi ya shiga rawa. Tun daga ranar ko a makabarta ba ma haɗuwa, ni ina zuwa da safe, shi da yamma, ba tare da mun taɓa shirya hakan ba.

Yanzu yaya zan shiga gidan nan da bututun kwali a hammata? Duk wanda ya gan ni zai ce mai jira ne ya zo karɓa. In kuma na je hannu wofi, na je ba tare da abu ɗayan da ya roƙa ba. Ina jin tsoron idonsa, gaskiyar ke nan.

Litinin, 26 ga Oktoba, ƙarfe shida na yamma

Ranar Waliyyi Dimitar, kuma rana ta fito. Tun ƙarfe tara ta haske tagar ɗakin ajiya. Maƙwabta duk sun fito da barguna, ana gasa tattasai na ƙarshe a tsakar gida. Na naɗe ta a hankali, na sa a bututu, na yi aski, na sa takalmi.

Allura na kan sittin da bakwai. Ƙarfe sha ɗaya ta yi, sittin da biyar. Na ce bari in ba ta awa ɗaya. Da azahar sittin da uku. Na ci burodi da cuku a tsaye, ina kallon allurar kamar mai jiran madara ta tafasa. Ƙarfe biyu, sittin da biyu. Saura kaɗan.

Ƙarfe uku saura kwata gajimare ya taso daga ƙetaren kogi.

Na fitar da ita daga bututun, don ba a barin ta a naɗe. Na cire takalmi.

Laraba, 28 ga Oktoba

Ban je ba.

Juma'a, 30 ga Oktoba, da rana

Wayar ba ta yi ƙara ba. Na ɗaga sau biyu in ji ko tana aiki. Tana aiki.

Talata, 3 ga Nuwamba, ƙarfe huɗu na yamma

Na shiga mota na sauka a tasha ta bakwai, hannu wofi. Na tsaya a gaban kantin burodi na ƙetaren titi. Akwai haske a tagar kicin ɗinsu. Wata mata da jaka irin ta masu allura ta fito daga gidan, ta buɗe lema ta wuce. Na sayi burodin da ba na bukata na dawo.

Lokacin da Tisho yake ɗan shekara shida, ni nake riƙe masa tsani in Baba ya bar shi ya shafa kunu a bango. Kullum sai ya juyo ya ce, "Yaya, ka riƙe?" Ni kuma in girgiza tsanin don in ji ya yi ihu. Ban san me ya kawo mini wannan yau ba.

Tamanin da biyu.

Asabar, 7 ga Nuwamba, ƙarfe ɗaya na rana

Ranar ziyarar matattu. Na je da safe kamar kullum, da kyandir da 'yar kwalbar giya ta zubawa. Na tarar da Tsonka a kan kabarin Baba, ita kaɗai, da kwanon dafaffiyar alkamar da ake rabawa don mamaci a ƙarƙashin lema. Ta rame. Gashinta duk ya yi fari, ni kuma da baƙi na san shi.

Ba ta gaishe ni ba. Ta ɗebo alkama a kofin takarda ta miƙo mini.

"Ci, Yaya. Ta Baba ce. Ta gaba kuwa ka san ta wa zan dafa."

Na karɓa. Sukarin da ke kanta ya zube a rigata.

Ta ce, "Mun mayar da gadonsa kicin, ya fi ɗumi. Yana kwance yana fuskantar bangon nan. Ya daina tambayarka, in kana son sani. Ni da ya ci gaba da tambaya ya fi mini sauƙi."

Na ce gobe.

Ta dubi sama, ta dube ni. "Gobe ma ruwa za a yi."

Na ce na sani.

Lahadi, 8 ga Nuwamba, ƙarfe bakwai na yamma

Zan rubuta duka, kada in manta ko in gyara.

Ban dubi allura ba. Na cire ledar teburin cin abinci na naɗe bututun, na cusa a cikin rigar sanyi, kansa na tokarin haɓata. A mota wata tsohuwa ta tashi ta ba ni wuri, ta ɗauka ciwon baya ne da ni.

Kicin ɗin na nan yadda na san shi, ƙanshin miyar wake da na magani. Tisho na kan gado a jikin taga. Mutumin da yake ɗaga injin jirgi da hannu biyu, yau bargo ya fi shi kauri. Na tsaya a ƙofa.

Ya ce, "Tsonka, wa ya shigo da sanyi haka? Mai karɓar haraji ne?"

Na ce, "Ni ne."

"Na sani, Yaya. Tun daga matakala na ji takunka, kamar mai tsoron kada ƙasa ta yi datti. Ka kawo budurwar taka?"

Na ce na kawo ta.

Fallen ƙasa na bango, sama da akwatin itace. Shekara ashirin da bakwai na rana da hayaƙi. Siket ɗin ya koma launin shayi marar ƙarfi, sunanta ya kusa ɓacewa, gefe ɗaya an liƙe da salatif. Da a kasuwa na gan shi, da ko juyawa ba zan yi ba. Na wanke hannu, na warware nawa, na hau kujera na ɗora shi a samansa. Layukan suka haɗu daidai, kafaɗa ta sauka a kan hannu. Amma kai ka ce kan jika ne aka ɗora a jikin kaka.

Hannuna ya fara gajiya. Tsonka ta buɗe durowar cokula ta fito da ƙananan ƙusoshi a murfin kwalba, ta riƙe mini su. Shekara arba'in ina zagin masu huda fosta. Na taɓa daina gaisawa da wani mutum a kan rami biyu. Na ce ta miƙo guduma. Takwas na kafa, don takardar ta riga ta fara kumbura. Ta farkon ce kawai ta yi mini wuya.

Na sauko. Muka ɗaga Tisho da matashi biyu. Ya daɗe yana kallon bangon.

"Kai," ya ce. "Ga ta nan. Ashe yarinya ce. Tawa ta tsufa tare da ni, taka ta ƙi."

Na ce ai duhu take kwana.

"Shi ya sa. Yaya, ka san abin da ya hana ni ba ka?"

Na ce taurin kai, irin na Gwaggo.

Ya yi dariya har tari ya kama shi. Da ya lafa ya ce in duba kusurwar ƙasa ta hagu. Na duba. Wani tabo ne ruwan ƙasa, na sha ganinsa a da, na ɗauka maiko ne. Na matsa kusa. Shatin hannu ne, yatsu huɗu da rabin tafi, busasshen kunu.

"Hannun Baba ne. Ranar da ya ɗauko ta daga sinima, da kunu a hannunsa. Na san in na ba ka, wanke shi za ka yi."

Ban musa ba. Da na wanke shi a makon farko, in kuma yi alfahari a gaban Pantev.

Na zauna a bakin gadon. Na ce, "Tisho, maganar nan ta bikin Radka."

Ya ce, "Ƙyale ta. Naman ranar ma bai dahu ba." Ya lalubi hannuna ya riƙe, ya mayar da fuskarsa bango. "Dubi jar hular nan dai. Kullum ita nake tunawa. Har yanzu ja take kamar da?"

Hular kore ce. Kore shar, ita ce abin da ya fi komai haske a ɗakin. Na dubi Tsonka. Ta juya baya tana goge tukunyar da ta riga ta goge.

Na ce, "E, ja ce. Kamar da."

Ya ce, "Na gani."

Da zan tafi Tsonka ta rako ni matakala. Na tambaye ta tun yaushe ya daina gani. Ta ce kwana biyar ke nan, haske kawai yake bambantawa da duhu, ya kuma hana ta faɗa mini. Ta ce, "Ranar Dimitar da aka yi rana, a bakin taga ya zauna ya karanta jarida daga farko har ƙarshe. Ya sa na gasa banitsa mai cuku, wai ko za ka zo."

Litinin, 9 ga Nuwamba, da yamma

Na wuni a can. Na ba shi shayi da cokali. Ya ce hannuna ya fi na Tsonka sanyi amma ya fi nata haƙuri, ta ce ya ci gaba, zai ga wanda zai dafa masa gobe.

Laraba, 11 ga Nuwamba, da yamma

A can. Barci ya fi yawa. Turirin tukunya ya sa fallen sama ya yi tudu a wajen kafaɗa. Na gani, na ci gaba da fere dankali.

Asabar, 14 ga Nuwamba

Radka ta iso daga Varna.

Talata, 17 ga Nuwamba, ƙarfe uku na rana

Yau muka binne Tisho. Pantev ya ara mini baƙar rigarsa, tawa ta matse. Ya zo da kansa, ya tsaya a baya, bai yi maganar takarda ba. Na gode masa a kan wannan.

An yi rana.

Juma'a, 20 ga Nuwamba, ƙarfe biyar na yamma

An fitar da gadon daga kicin, wurin ya yi faɗi. Tsonka ta ajiye mini bututun a kan tebur, da abin cire ƙusa a gefensa.

Ta ce, "Ya ce duka biyun naka ne. Ka kwashe, Yaya, kafin in sake soya kifi."

Na ce ta soya kifinta. Na tambaye ta ko akwai damuwa in riƙa zuwa ranar Juma'a in duba ƙusoshin. Ta ce ƙusa ba ta bukatar dubawa, amma in zan zo in taho da burodi.

Da na dawo gida na ciro katinta daga akwatin katunan da nake rubuta bayanin kowace fosta. Inda na rubuta "falle ɗaya, na sama" na soke, na sa "cikakkiya, falle biyu, ramin ƙusa takwas, shatin hannu a ƙasa ta hagu, kada a wanke." A layin launin hula na daɗe riƙe da alƙalami. Na bar kore yadda yake, na rubuta ja a gefensa.